Bulalar Toktosun

Gwaggo Burul ta zaro bulalar ƙanenta marigayi daga ƙusar da take rataye, ta jefa ta tsakiyar shimfiɗar abinci, tsakanin butar shayi da kwanon man shanu. 'Ya'yan ƙanen nata, waɗanda tun hantsi suke ɗaga wa juna murya, suka yi tsit.

"Wanda bulala ke hannunsa, shi ke da baki," in ji ta. "Saura su sha shayi. Haka kakanninku suke yi in magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kuma ba su fasa wa juna kai ba, sai jefi-jefi."

Maganar a kan doki ce. Bara da kaka, ranar da aka binne ƙanen nata Toktosun, an datse wutsiyar dokinsa Boz, aka sake shi ba sirdi ba linzami, kamar yadda ake yi wa dokin duk magidancin da ya rasu. Shekara guda ba mai hawansa. Ranar sadakar cikar shekara sai a yanka shi, gari ya ci, a yi wa mamaci addu'a, matarsa ta tuɓe baƙaƙen kaya. Saura mako guda ranar ta zo, har an kafa bukkar ulu a tsakar gida, sai Kalis, autan gidan, ya ce duk wanda zai sa wa Boz wuƙa sai dai ya fara da shi. Wansa Ermek, wanda ya baro aikin gini a Rasha musamman don sadakar, ya ce to a wasa wuƙaƙe biyu. 'Yar'uwarsu Ainagul ta aika aka kira Gwaggo. Uwarsu Saira kuwa tana gefen murhu cikin baƙin ɗankwali.

Burul ta zo da ra'ayinta a ƙulle. Al'ada al'ada ce. Haka aka yi wa dokin ubanta, haka aka yi wa na mijinta, ta yi kukanta, ta share hawaye, ta ci naman. Sai dai shekarun da ta kwashe tana ungozoma a wannan kwari sun koya mata cewa ba a jawo jariri da ƙarfi. Ita ta yanke cibiyar yaran nan uku, kuma tana alfahari da cewa ta san kowa da irin kukansa.

Ermek ya riga kowa kai hannu.

"Gwaggo, ni ban ma ga abin zama ba. Mutane za su zo daga At-Bashi, za su zo daga Narin. Mu ce musu me? 'Ya'yan Toktosun sun fi son dabba da ubansu? Tsoho Asanbai kaɗai ya ishe mu. Mutumin da har yau yana ba da labarin gidan da aka ba shi shayi mai sanyi tun zamanin da gonaki suke hannun gwamnati!"

"Dabba?" in ji Kalis. "Boz ne dabba?"

"Kai, ɗan nan, bulala tana hannunka?"

Kalis ya kora sauran maganar da shayi, har ya ƙona harshe. Da bulalar ta iso gare shi ya riƙe ta kamar zai karya.

"Yaya sai maganar mutane yake yi. Mutanen ne suka sauko da Baba daga kan dutse cikin ƙanƙara ranar da ƙafarsa ta karye? Boz ne. Ni da idona na gani. Wasu kuwa a waya suka ji."

Fuskar Ermek ta yi baƙi. Ainagul ta fizge bulalar kafin ya buɗe baki.

"Ni ku yanka, ku bari, duk ɗaya ne. Na rasa uba, kada ku sa in rasa 'yan'uwa a kan wutsiya." Ta fashe da kuka.

Burul ta ga ana ta zagaya turke ɗaya. Ta ɗauki buta ta sake zuba wa kowa shayi rabin kwano, yadda ake yi wa baƙon da ba a so ya tashi, ta tura kwanon soyayyiyar fulawa gaban Ermek, don ta san shi tun yana ƙarami, yunwa tana ƙara masa taurin kai.

"To, na ji abin da kowa yake so a yi da doki. Yanzu a bar doki ya huta. Bulala za ta sake zagawa, kowa ya faɗa mini abin da yake hana shi barci. Wanda ya ƙara ambata mini mutanen gari, zan karɓe ta in yi da ita aikin da aka saƙa ta dominsa."

Ta miƙa wa Kalis. Wannan karon bai ɗaga kai ba.

"An raba rigunan Baba," ya ce. "An ba da hularsa, an ba da takalmansa. Ban ce komai ba. Amma in na kifa fuskata a wuyan Boz, warin tabar Baba nake ji, ko kuwa ni nake ganin haka, oho. A duk abin da ya bari, shi kaɗai ne yake numfashi."

Ermek ya karɓa. Ya daɗe yana juya mariƙin, inda tafin ubansu ya goge fatar har ta yi sheƙi. Burul ta zaci zai koma kan maganar martabar gida, har ta gyara zama.

"Ban zuba masa ƙasa ba," ya ce.

Ya ci gaba, idonsa a kan bulalar.

"Na iso an riga an rufe. Kowa ya zuba masa ƙasa da hannunsa, har maƙwabcin da suka yi shekaru ba sa ga-maciji. Ni babban ɗansa, ina filin jirgi ina kallon allo. Ban ba shi komai ba, Gwaggo. Sadakar nan kaɗai ta rage mini. In ita ma aka yi ta rabi da rabi..."

Kalis ya sunkuyar da kai, kunyar maganar waya ta rufe shi. Da Burul ta ɗauka girman kai ne yake damun Ermek, ashe ciwo ne, kuma shekara guda yana ɗauke da shi shi kaɗai a ƙasar mutane. Tausayinsa ya kama ta ƙwarai.

Ainagul ta tashi, ta zare bulalar daga hannun wanta, ta kai ta ɗora a cinyar uwarsu.

"Yaya Burul, ni ban iya magana a taro ba," in ji Saira.

"Wane taro? 'Ya'yan cikinki ne da tsohuwa ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Faɗi."

Saira ta shafa bulalar da yatsa.

"Kullum da safe yakan zo bakin ƙofa ya tsaya, yana jiran babansu ya fito. Da farko korarsa nake yi, don ganinsa yana tsinka mini zuciya. Daga baya na fara kai masa gishiri a tafin hannu. Kwanan nan na lura ya daina leƙa bayana. Wurina yake zuwa." Ta yi ɗan murmushi. "Wutsiyar ma ta tsiro, ba ta nemi izinin kowa ba. Ina so in tuɓe baƙin nan, Yaya, wallahi na gaji da shi. Amma ban san yadda zan yi da safiyar da zan buɗe ƙofa ba kowa ba."

Harshen Burul yana ƙaiƙayi, shawara har uku ta zo mata baki, ta danne su. Ta san irin wannan lokaci. In kai ya kusa fitowa, aikin ungozoma shi ne ta naɗe hannu ta jira. Sai da butar ta huce sannan ta yi magana.

"Ga abin da kunnena ya ji, wanda na yi wa ƙarya ya tare ni. Ɗaya yana so ya ba ubansa abin da zai ji zafin bayarwa. Biyu suna so a bar musu mai numfashi. Ɗaya tana so ta tashi daga nan da 'yan'uwa biyu. Ban ji wanda ya ce jinin Boz yake so ba. Ni kaɗai na zo da wannan, kuma na mayar da abina aljihu."

Ermek ya goge fuska da hannun riga. Ya matsa kusa da murhu.

"Inna, ara mini." Ya karɓi bulalar, ya juyo wurin ƙanensa. "Jan dokin nan yana cikin garke? Wanda Baba ya ce nawa ne ranar da zan tafi, ya ce in na dawo gida gaba ɗaya in hau?"

"Yana nan. Ya yi ƙiba kamar surukin mai kanti, ba abin da ya sani sai ci."

"Shi za a yanka. Daga hannun Baba ya fito, wurinsa zai koma."

"Yaya, shi kaɗai fa gare ka."

"Shi ya sa."

"In ka dawo me za ka hau?"

"Wannan tsohon dokin naku mana, in Inna ta ara mini."

Ainagul ta yi dariya da hawaye a fuska. Amma Burul ba ta yarda an tashi ba. Ta ga shawarwari da yawa da aka ƙulla da kunya suka warware kafin la'asar. Ta sa bulalar ta sake zagawa, kowa ya riƙe ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda, har ita kanta.

"Tsoho Asanbai fa?" in ji Ainagul.

"Ba za mu ɓoye ba," in ji Ermek. "Ni zan faɗa."

"Tare za mu tsaya," in ji Kalis.

Ranar sadaka bukkar ta cika maƙil. Aka shigo da nama a manyan farantai, aka ajiye rabon girma gaban Tsoho Asanbai. 'Yan'uwan biyu suka miƙe kafaɗa da kafaɗa, Ermek ya faɗi abin da gidan ya yanke, bai ƙara ba bai rage ba. Ko da bai faɗa ba ma, ta ƙofar bukka ana hango Boz a gindin tudu yana kiwo, yana korar ƙuda da sabuwar wutsiya. Gunaguni ya tashi. Burul, daga ɓangaren mata, ta zuba wa tsohon ido.

Tsohon bai dubi kowa ba. Ya zaro 'yar wuƙarsa, ya yanki tsoka, ya sa a baki, ya yi ta tauna ba gaggawa.

"A zamanin ubana ba a taɓa yin haka ba," ya ce.

Ya haɗiye naman, ya ci gaba.

"Amma a zamanin ubana ina da haƙora. Boz ya girmi wasu da ke zaune a nan. Da shi kuka yanka, sai baɗi zan gama tauna." Dariya ta ɓarke, ya bari ta lafa, sannan ya dubi Ermek ya daɗe. "Toktosun ya bar 'ya'ya. Ku ɗaga hannu mu yi masa addu'a."

Da yamma mata suka cire wa Saira baƙin ɗankwali suka ɗaura mata fari.

Washegari Burul ta tashi da wuri tana ɗaure ƙunshinta don komawa gida. Bulala ta koma kan ƙusarta. Ta taga ta hango Saira a bakin ƙofa, farin ɗankwali a kai, ta miƙa tafin hannu, Boz yana lasar gishiri. Da ya gama bai tafi ba, ita ma ba ta shiga ba.