Haɗin Kawu Faruku

Ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi na tsakar ci, Salima ta kutsa har gaban teburin magungunan kawunta Faruku, ta jefa masa wani ƙulli. Ko gaisuwa babu.

"Kawu, mi kab ba Inna?"

Ya dubi ƙwayoyin, ja da rawaya, ya taɓe baki. "Haɗin ciwon jiki na. Duk 'yan dakon kasuwag ga shi suke sha."

"'Yan dakon an sa musu ƙarfe a jijiyar zuciya?"

Wata uku ke nan da yi wa Inna, mahaifiyar Salima, aikin zuciya a Sakkwato, aka ɗora ta kan maganin tsinka jini. Likita ya ja kunne kada a haɗa shi da na ciwon jiki, don ciki zai iya zubar da jini. Kawu na wurin, har da gyaɗa kai. Amma da Inna ta koka da ƙugu, shi ya ƙulla mata na safe da yamma. Kwana biyar a jere, bayan gidanta na fita baƙi ƙirin kamar kwalta. Ta ɓoye wa Salima saboda kunyar 'yar fari, ta gaya wa ƙanenta Faruku. Ya ce dattin ciki ne ke fita, ta ƙara sha.

"Ke, ni kike ɗaga wa murya? Shekarata ashirin a sana'ar nan!"

"To, rufe teburin ka biyo ni. Tana asibiti a Ƙaura, jini ake nema, kuma naku iri ɗaya na. Kai kaz zubar mata da shi, kai za ka mayar."