Babban Farantin Yahuza

Ƙafafun Yahuza suna ta juyawa a kan feda kamar na mai ɗinkin sallah, amma keken ya ƙi ƙara gudu. Ya wuce kwanar Gazara rana ta riga ta fito, kwalin burodi yana rawa a bayansa. Wani mai babur ya zo ya wuce shi, har da ɗaga masa hannu.

Da fetur ya yi tsada ne ya sayar da babur ɗinsa ya sayi wannan keke mai batir, don ya ci gaba da kai burodin Oga Clement daga Ikara zuwa wurin masu shayin Makarfi. Keken ba shi da laifi sai ɗaya: injinsa yana da iyakar gudu, daga nan sai ƙafa ta taimaka, ita kuwa ƙafar ba ta samun abin takawa. Farantin gaba, wanda sarƙa ke hawa kan haƙoransa, ya yi ƙanƙanta. Shi ya sa ya je har Zariya ya sayo babba, ya kai wa Ɗan'azumi mai gyaran keke, abokinsa tun suna kiwon awaki. Mako guda ke nan da ɗaurawa, kuma ko kaɗan bai ji bambanci ba. Ya zargi batir, ya zargi iska, har gwiwarsa ya zarga.

A Makarfi ya tarar da Malam Sada mai shayi yana yanka burodin wani.

"Ka yi haƙuri, Yahuza. Mutane ba sa jira da yunwa."

Bai gama sauke kwalin ba wayarsa ta yi ƙara. Oga Clement bai yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ce tun jiya ya gargaɗe shi, daga gobe Zayyad mai babur ne zai riƙa kai na Makarfi.

Yahuza ya tsuguna a gefen keken don kada a ga idonsa. Ya kai yatsa kan farantin da ke ƙyalli, sai fenti ruwan azurfa ya biyo yatsan. Ya ƙara gogewa. Ga haƙorin nan da ya lanƙwashe, wanda shi da kansa ya buga a dutse a hanyar Janfalan bara. Tsohon farantinsa ne aka yi wa kwalliya aka mayar masa.

Ya koma Ikara da burodin rabi, batir yana ƙarewa a daidai rumfar Ɗan'azumi. Ko sallama bai yi ba, ya miƙa masa yatsan da fenti.

Ɗan'azumi ya ajiye sufana. "Ka zauna mana tukuna."

"Ina farantina?"

"Wallahi ban sayar ba."

"Ban ce ka sayar ba. Ni ka kalla kullum da safe ina wucewa ta nan ina zufa, kana ce min a sauka lafiya! Har ce min ka yi sabon faranti sai ya saba da sarƙa. Yau an karɓe min Makarfi, Ɗan'azumi."

Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Matarka Hajo ce ta aiko, ranar da ka kawo. Ta haɗa ni da Allah in ba ta sabon, in mayar maka da tsohon. Ta ce birkinka na keke ne, gudun da kake nema na babur ne. Ka san abin da ya sami yayanta a titin nan."

Yahuza ya sani. Shi ya ɗauko gawar daga bakin titi. Amma sanin bai rage masa komai ba. Mutum biyu ne a duniya da bai taɓa duba aikin hannunsu ba, ashe su biyun ne suka haɗa kai a kansa.

Ya tura keken har gida. Hajo tana tsakar gida tana fifita kurfoti, tukunyar miya a kai. Ta yi masa sannu da zuwa, ta ga fuskarsa, ta daina fifitar.

"Ina yake?"

Ba ta tambayi me ba. Ta ɗaga tukunyar da tsumma. Ga babban farantin nan a kan garwashi, an mai da shi madogarar tukunya, ya yi baƙi ƙirin. A kansa aka dafa duk abincin da ya ci a makon nan, har yana santi.

Ya jawo shi da itace ya jefa a ƙasa. Wuta ta riga ta karkatar da shi, yana ta rawa bai kwanta ba.

"Na sa shi a wuta ne don kada in ji tausayinka in mayar maka," in ji Hajo.

"An karɓe aikin."

"Aiki ana samun wani, Baban Wasila."

"Da kin faɗa min a fuskata."

"Da ka ji?"

Ba zai ji ba, kuma ya san haka. Wannan ya ƙara masa takaici. Ya kama kan keken ya juya shi.

"Ina za ka? Ga abinci ya kusa."

"Caji zan kai shi, in hau motar Zariya. Wannan karon da hannuna zan ɗaura."

Ya fita ya hau. Ba batir, sai ƙafa da ƙaramin faranti. Hajo ta biyo shi har bakin zaure tana kira, "Baban Wasila! Baban Wasila!" Ya taka da duk ƙarfinsa don ya tsere wa muryar, amma keken yana tafiya a hankali, yadda ta so, har ya kai ƙarshen layin yana jin ta.