Mota Irin Tasa

Ni ban ce a ɓoye wa Inna ba. Jafaru ne ya yanke, ƙanen mijina, mutumin da ko ruwa zai sha sai ya yi wa jama'a bayanin dalili. Ranar da tirela ta murƙushe motar mijina a hanyar Akinyele, Inna, mahaifiyarsu, tana kwance a asibiti da ciwon zuciya, likita kuwa ya ce kada a bari komai ya girgiza ta. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki a gidan Jafaru. Da aka sallamo ta, sai aka ce mata ɗanta ya tafi Arewa kan harkar goro, zai jima.

Idonta ya riga ya yi yana, haske da inuwa kawai take rarrabewa, don haka ba ta ga ina takaba ba. Kuma mijina shi ne ɗan farinta. Inna irin matan da ce, ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar labarinsa a gaban mutane, ko da abin yana cin ta. Wannan kunyar tata ce ta rufa mana asiri. Aikina in dafa mata abinci marar gishiri, in ba ta magani, in riƙe bakina. Riƙe bakin ya fi komai wuya, domin ni ma ina son wanda zan yi kuka da shi.

Ban ma san mijina ya yi wa motar cikakkiyar inshora ba. A unguwarmu ta Sabo, inshorar da aka sani ita ce ta nuna wa 'yan sanda a hanya. Sai ga wani Bayarabe daga kamfanin, Mista Lamidi, da farar riga mai guga da murmushin da bai dace da gidan mutuwa ba. Jafaru ya sha zirga-zirga, yau rahoton 'yan sanda, gobe hoton abin da ya rage na motar, har na fita takaba ba a gama ba. Na ce a ba marayu kuɗi kawai a huta.

"Pele, Madam," in ji Mista Lamidi, yana mini sannu da Yarbanci. "Oga mota don mota ya zaɓa. Za mu kawo irin nasa, sak."

Bai yi ƙarya ba. Wata ranar Alhamis bayan azahar ta shigo lungunmu, ruwan toka, mai dogon baya inda ake loda huhun goro. Mai shayin bakin masallaci ya ɗaga hannu zai gaishe ta kamar yadda ya saba, sai hannun ya tsaya a sama. Direban kamfani bai tambayi kowa ba, ya ajiye ta daidai gindin katanga, inda waccan take kwana. Ina tsakar gida na ji muryar Inna daga ɗaki.

"Rahma, ɗora ruwan wanka. Ya dawo."

"Inna, motar ce kawai aka kawo. Shi yana can."

"To," ta ce.

Jafaru ya ba ni makulli ya ce in riƙe har a raba gado. Washegari da rana na leƙa ɗaki ban ga Inna ba. Matar da ba ta ƙetare tsakar gida sai ta dafa kafaɗata, ga ta a waje, tafin hannunta a kan ƙofar motar. Ta ce in buɗe mata. Na buɗe, ta shiga kujerar gaba ta zauna, ta ce in je in yi aikina.

Abin ya zama na kullum. Da an idar da azahar, lokacin da zafi ya kori mutane daga lungu, 'yan okada ma suka fake, sai Inna ta nemi mota. Ta fara cinye tuwonta. Likita ya ce jininta ya sauka. Jafaru ya riƙa yawo yana gaya wa mutane dabararsa ce ta yi aiki. Ni kuwa na tsani motar nan, ba na ɓoyewa. Ta zo da warin sabon abu, kujerunta a leda, amma kafin mako ya zagayo ta koma ƙanshin jiƙaƙƙen ganyen da ake naɗe goro. Na buɗe baya na duba. Babu wanda ya taɓa sa mata ko ƙwaya ɗaya.

Wata rana na kawo mata magani, sai na ji tana dariya. Gilashi a sauke yake. Ta juya fuskarta wajen kujerar direba, ta yi shiru irin na mai sauraro, sannan ta ce, "Kai Maharazu, har yanzu ba ka sake hali ba."

Kofin ruwa ya kusa kuɓuce mini. Duk zamana a gidan nan ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ko da kuskure. Na dubi kujerar direba. Ba kowa, sai dai ledar ta lotsa a tsakiya, ta manne da kujera.

"Rahma ce?" ta ce, ba ta juyo ba. "Ya ce kin rame. Ya ce ki riƙa cin abinci."

Ban san lokacin da na kai Mokola ba, shagon Jafaru. Na ce ko ya ɗauke motar nan, ko ni in gaya wa Inna gaskiya yau.

"Haba Anti, mata da tsoro. Tsufa ne fa. In kika faɗa mata zuciyarta ta tsaya, a wuyan wa?"

"Kai ba ka ji abin da na ji ba."

Sai da na yi masa kuka a gaban masu sayayya sannan ya yarda gobe da hantsi zai zo ya kai ta wani gareji.

Bayan la'asar na zauna ina shafa wa Inna mai a ƙafa, na ce mata za a kai mota gyara.

"Sabuwar mota?" Ta yi ɗan murmushi. "Rahma, ido na rasa, kunnena yana nan. Tun ranar da aka dawo da ni warwaronki ya daina ƙara, turare ya bar jikinki. Ni ma na yi takaba, 'yar nan."

Hannuna ya tsaya a kan ƙafarta.

"Na ga kuna wahala ke da Jafaru, na ce bari in bar ku. Kun yi don ni." Ta lalubo kaina ta dafa. "Yi kukanki yanzu, babu mai hana ki."

Na yi, irin wanda ban samu yi ba tun ranar. Ita ba ta zubar da hawaye ba. Ta ce kawai, "Allah ya jiƙansa. Ba ya son jira, tun yana yaro."

Da safe ta sha kunu, ta ce in yafe mata, na ce babu abin da ta yi mini. Na ɗaure makullin a haɓar zanena, na zagaya baya wanki. Ina shanya na ji Jafaru yana ƙwala mini kira daga ƙofar gida, da wata murya da ban san shi da ita ba.

Inna tana kujerar gaba, kanta a jingine, fuskarta tana duban wajen direba. Ƙofofi duka a kulle. Sai da na kwance makulli daga zanena sannan muka buɗe. Jafaru ya taɓa wuyanta, ya fara salati, ya durƙusa a ƙasa. Na sunkuya zan rungumo ta, wani abu ya riƙe ta. Bel ɗin kujera ne, an ɗaura mata shi, an gyara mata mayafi a ƙarƙashinsa don kada ya matse ta.

Inna ba ta taɓa iya ɗaura bel ba, kafaɗarta ba ta juyawa. Duk inda za su, shi ne yake miƙa hannu ya ɗaura mata kafin ya tayar da mota.