Hedifon a Gidan Malam Abdussamadu

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, hanyar Argungu ba ta huta da motoci ba. Tebura, kujeru da kabad-kabad na ƙarfe, duk sai an kwaso su zuwa Birnin Kebbi, kuma Zayyanu yana cikin direbobin da ke wannan jigila. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen ne shanu suka faɗo masa titi, ya kauce musu, motar ta kife. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙugunsa da ƙafarsa ta dama sun karye. Da aka sallame shi daga asibiti, matarsa Ummu Hani ta tattara kayansu daga ɗakin da suke haya a Sakkwato, suka dawo gidan mahaifinsa, Malam Abdussamadu, a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi.

Gidan Malam gidan karatu ne. Bayan asuba da bayan la'asar manyan mutane ke cika zauren, 'yan kasuwa da manoma, kowa da littafinsa. Ba a taɓa jin kiɗa a gidan ba. Ba wai Malam ya taɓa tara mutane ya kafa doka ba ne, a'a, kowa dai ya taso ya tarar haka ake. Ɗakin da aka ba su kuwa bango ɗaya ne tsakaninsa da zauren.

Shi kuma Zayyanu mutum ne da ba ya iya zama shiru. A Sakkwato yana da rikoda da tulin kaset, yana da talabijin da bidiyo, har wani abokinsa direba ya kawo masa gem, irin wanda ake jonawa da talabijin, lokacin da ya zo duba shi. Duk suna nan cikin kwalaye a ƙarƙashin gado, ba wanda ya buɗe. Ummu Hani tana kallon mijinta yana sauyawa a gabanta. Mutumin da ke cika gida da dariya ya koma kwana da wuni yana fuskantar bango. In ta kawo tuwon shinkafa ya ci loma kaɗan ya ture. In ta tambaye shi ciwo ne, sai ya ce a'a. Mai ɗori ya ce ƙashi yana kamawa, amma ita ta san akwai abin da ba ya kamawa.

Ranar da ta je kasuwa sayen kayan miya ta ga wani mai tebur ya rataye lasifikar kunne, wadda samari ke kira hedifon, siririn ƙarfe da soso biyu a baki. Ta saya ta ɓoye a ƙasan kwando. Da ta dawo ta jawo kwalin rikodar, ta kaɗe ƙura, ta sa kaset, ta ɗora masa abin a kai.

Zayyanu ya yi kamar zai cire. Sai hannunsa ya tsaya a hanya. Ta ga yatsan ƙafarsa mai lafiya yana motsi.

Daga nan aka fito da talabijin da sauran kayan. In an kawo wuta ya kalli fim ko ya buga gem, in an ɗauke ya koma rikoda da batir. Ya fara cin abinci. Sai dai hedifon ɗin bai yi ƙarko ba. Soson ya yage, ƙarfen yana cin bayan kunnensa har wurin ya yi ja. Wayar gajeriya ce, dole sai ta jawo teburin talabijin har bakin gado. Kunne ɗaya yakan ɗauke sai an murɗa wayar an riƙe. Abin da ya fi damunta kuwa shi ne ƙarar da ke fita, wani tsi-tsi-tsi kamar kukan gyare. Ta riƙa lallashin kanta cewa bango mai kauri ne.

Wata la'asar, bayan masu karatu sun watse, aka ce Malam yana kiranta. Ta gyara mayafi ta je ta durƙusa daga bakin ƙofar zaure. Yana zaune kan buzu, yana mayar da littattafai cikin gafaka.

"Ɗiyata," in ji shi, "wanga abin da kika sa ma mijinki ga kunne, ina kika samo shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Kasuwa, Baba. A gafarce ni. Ni na kawo, ba shi ya aike ni ba."

"Ban tambayi mai laihi ba. Abin naku yoyo shikai." Ya nuna tagar sama da ke jikin bangon. "Jiya muna tsakiyar karatu, wani dattijo ya riƙa waige-waige, shina neman inda ƙwaro ya shiga."

Ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ce za ta mayar da komai cikin kwali yau ɗin nan.

Malam ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Abin da nike gani game da kiɗa kin san shi, shi ma ya san shi, kuma ban sauya ba. Amma shekaranjiya na ji dariyar Zayyanu. Tun da aka kawo shi gidan ga ban ji ta ba." Ya ɗaure bakin gafakar a hankali. "Ba ni son kiɗa ya shigo ma karatu. Ba ni kuma son ya koma kallon bango. Yayanki Yari ba gyaran rediyo shikai Argungu ba? Ki tahi ki gaida mutanen gida, ki ce ya nemo miki wanda ba ya yoyo."

Washegari ta hau mota zuwa Argungu. Shagon Yari yana kusa da tasha, ɗan ƙarami, cike da gawarwakin rediyo da warin dalma. Bayan gyara yana sayar da kayan da ake shigowa da su ta Kamba, can bakin iyaka, sababbi da na hannu. Suka gaisa, ya tambayi mai jiki, ta faɗa masa abin da ke tafe da ita. Ya yi dariya har ya ajiye abin da yake liƙi da shi.

"Malam da kansa? Ummu, ki ji tsoron Allah!"

"Wallahi, Yaya. Ka daina dariya ka fito da su."

Ya zube mata abin da yake da shi a kan benci. Ya fara miƙo mata wasu 'yan mitsi-mitsi da ake cusawa cikin kunne, ya ce su ake yayi. Ta gwada, ta jingina kanta da buhun da ke gefe kamar mai kwance a kan matashi, nan take ta ji abin ya soke ta.

"Wanga na masu ƙafa ne," ta ce. "Mutumina kwance yake wuni."

Idonta ya faɗa kan wani babba mai ƙyalli, da rubutun ruwan zinari a jiki. Yari bai hana ta ba, ya jona mata a rikoda. Sautin ya fito kamar ana kiɗa cikin gwangwani, ganga ba nauyi, muryar mawaƙin can nesa. Ta cire ta ajiye.

"Akwatin ya fi abin ciki," in ji Yari. "Yanzu faɗa min, mi da mi yake ji da shi?"

Ta ce waƙa, kuma yana son ya ji ganga har ƙirjinsa. Fim kuma, yakan yi ƙorafi ba ya jin magana in ana faɗa. Gem ɗin nan kuwa wani ƙara yake yi mai tsini, wani lokaci har sai ya yamutsa fuska, ga shi ba ya iya tashi ya rage.

Yari ya shiga ciki ya fito da wani baƙi, na hannu, fentinsa ya ɗan goge. Bakinsa faffaɗa ne, da matashi mai laushi da ke rufe kunne gaba ɗaya, ga wani ɗan maɓalli a jikin wayar na ƙarawa da ragewa. Ya ɗora mata. Ganga ta sauko mata a tsakiyar kai, ta ji har numfashin mawaƙin kafin ya ɗauki baiti. Ta ga bakin Yari yana motsi, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta cire da sauri.

"Mi ka ce?"

"Na ce kin yi ƙiba."

Ba ta yi dariya ba. Ta riƙe abin a cinyarta tana jujjuya shi. "Yaya, in ya sa wannan, ai ko ni ba zai ji ba. Ko kiran salla. Mutumin da da ƙyar na samu ya juyo, in kai masa abin da zai rufe shi ciki?"

Yari ya daina wasa. Ya karɓa ya nuna mata yadda kowane baki ke juyawa, ana iya ture ɗaya baya a bar kunne a buɗe. "Wanga dai shi ne iyakar abin da ƙarfe ka yi," ya ce. "Sauran tsakaninku ne."

Duk da haka ba ta yarda ba sai da ta gwada abin da ya kawo ta. Ta sa Yari ya ɗora a kansa, ya ƙure sauti, ita kuma ta fita ta tsaya bayan langa-langar shagon ta kasa kunne. Ba ta ji komai ba sai hayaniyar tasha. Ta dawo ta sake jingina kai da buhu, bai soke ta ba, sai dai yana da ɗan nauyi kuma yana sa gumi. Ta ce da wannan za a iya zama. Yari ya ƙara wa wayar tsawo, ya naɗe mahaɗin da kyau, ya haɗa mata da ɗan bakin da zai shiga ramin talabijin, don na jiki ya yi kauri. Mahaifiyarsu kuma ta cika mata leda da busasshen kifi na mai jiki.

Da ta dawo ta ba Zayyanu labari duka. Ta ɗauka zai yi murna. Sai ta ga fuskarsa ta canza.

"Malam ya ji? Tun yaushe?"

"Tun farko, ina zato."

Ya ture hedifon ɗin gefe. "Ina kwance gidansa, shina ciyar da ni da matata, sannan in riƙa watsa mishi kiɗa cikin karatu. Mayar da su kwali, Ummu."

Ba ta mayar ba, amma ba ta matsa ba. Kwanaki suka wuce abin yana rataye a ƙusa, Zayyanu ya koma ga bangonsa. Ita kuwa tana tuka tuwo tana share hawaye, tana cewa da ta sani da ta yi shiru da bakinta.

Wata hantsi tana ninke wanki a ɗakin sai ta ji sallamar Malam. Bai saba shigowa ba, yakan tsaya daga ƙofa ya yi addu'a ya juya. Ta shimfiɗa masa tabarma ta koma gefe. Zayyanu ya yunƙura zai tashi, Malam ya ce ya kwanta. Ya dubi abin da ke rataye a ƙusa.

"Shi ne wanga?"

"Shi ne, Baba," in ji Ummu Hani.

"Yarinya ta tahi har Argungu cikin rana ta dawo, kai kuma ka rataye shi?"

Zayyanu ya ce, "Kunya nike ji, Malam."

"Kunya ta yi kyau. Ka riƙe ta, ka kiyaye lokacin salla, ka kiyaye abin da kake kallo. Amma ni ɗa nike nema, ba gawa mai numfashi ba." Ya nuna akwatin gem da sandarsa. "Wanga fa, mi shikai?"

Zayyanu ya dubi matarsa. Ta tashi ta kunna, ta miƙa masa hedifon ɗin. Ya ɗora, ya ture baki ɗaya baya. Wasu 'yan mutane ƙanana suka bayyana a talabijin suna bin ƙwallo, ɗakin kuwa tsit. Malam ya ɗan matso, ya ƙanƙance ido.

"Wane ne kai cikinsu?"

"Masu jar riga."

Malam ya kalla na ɗan lokaci, hannunsa a gemu. "To ai kuwa ana cin ku," ya ce. Zayyanu ya tuntsire da dariya har ya dafe ƙugu, Ummu Hani ta rufe baki da mayafi. Malam ya miƙe, ya yi musu addu'a, ya fita abinsa.

Ƙafar ba ta koma daidai ba, Zayyanu bai sake riƙe sitiyari ba. Amma kafin kaka ya fara takawa da sanda, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa tsakar gida. Da shinkafa ta nuna, Malam ya ce yana buƙatar wanda zai zauna masa a gonarsa ta Zauro ya ga yadda ake yanka da bugu, shi karatu ba zai bar shi ba. Aka samo a-kori-kura, aka sa wa Zayyanu katifa a baya, maza biyu suka ɗaga shi.

Ummu Hani ta tsaya a bakin zaure da kwanon fura a hannu, tana ta jaddada wa direban ya bi a hankali wurin ramuka. Zayyanu ya leƙo ta gefen motar.

"Ki bar shi ya yi aikinsa, Ummu. In ya yi ganganci ni zan hwaɗa mishi."

Ta miƙa wa Zayyanu furar. Motar ta tashi, ta bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ta koma ciki ta ɗora tukunyar rana.