Waƙar Juyo da Makara

Kafin wani ɗan birni ya sayi tikiti ya zauna a kujera mai laushi, ni Pyo Deok-man na riga na ga fim ɗin nan, kuma a tsaye na gan shi, da itacen makara a kafaɗata ta hagu. Ban taɓa zama a aji ba, amma yaƙi ya bi ta kaina ya wuce, guguwa ta kifar da ni sau biyu a teku, likita ya yanke rabin cikina ya ce saura wata shida, ga shi ya riga ni tafiya. Mutum irina in ya ce ya gani, to ya gani.

Labarin na Bang Chil-bok ne, mai ƙararrawar makara na tsibirinmu. Shekara hamsin yana shiga gaban gawa, yana kaɗa ƙararrawa yana ba da waƙa, mu goma sha biyu masu ɗauka muna amsa masa da "o-ho, o-ho", ƙafarmu na bin bakinsa: taku biyu gaba, ɗaya baya, don mamaci ba ya son barin gida. Waƙarsa ba ta hadda ba ce. Gidan mamacin yake shiga, ya duba abin da mutum ya bari bai gama ba, sannan ya ari bakinsa ya yi ta tambaya har kabari. Da motar gawa ta shigo tsibirin aka daina nemansa, ƙararrawar ta koma saman kabad.

Rannan sai ga 'yan fim daga Seoul, shugabarsu wata siririyar mace mai hular maza, Darakta Ok. Fim ɗin waƙe-waƙe za su yi a kan labarin nan da Fasto ke karanta mana: gwauruwa ta rasa ɗanta tilo, ana kai shi kabari, Yesu ya tare su a ƙofar gari, ya taɓa makarar, saurayin ya tashi. Ita kuwa so take a yi shi a ƙauye irin namu, da tufafin dā da makarar dā.

Chil-bok ya zama kamar an kai shi wata duniya. Ya tsaya yana nazarin wani abu mai gashi kamar matacciyar kyanwa da suke ratayewa a sanda saman kan mutane, aka ce masa shi ke jin murya. Ya ga an ta da saurayin ranar Litinin, bai mutu ba sai Laraba. Ya ga mai fitowa a Yesu yana shan taba a bayan coci.

"Deok-man," ya ce da ni, "kai da ka ce ka san komai, yaya ake tashi kafin a mutu?"

"Yayana, ni da na leƙa lahira sau uku ma ban gane ba."

"Kai mutuwa ce ta ɗanɗana ka ta tofar."

Ranar da za a ɗauki fita da gawa, ya tare Darakta. "'Yata, mamacin nan ina gidansa? Me ya bari?"

"Baba, ai ba mutum ba ne na gaske. Ka rera duk abin da ya zo maka."

Abin da ya zo masa kuwa ba shi ya zaɓa ba. A duk waɗanda ya raka, ɗan gwauruwa tilo ɗaya ne: Man-gil, wanda teku ta ci shekara arba'in da suka wuce. Tambayoyin Man-gil ne suka fito daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Uwar Man-gil kuwa, don har yau haka muke kiranta, tana cikin tsofaffin da aka sa wa fararen kaya su bi makara. Chil-bok ya gama, ya ƙi duban inda take.

Darakta ta yi ta tafa hannu. "Madalla, Baba! Jibi sai waƙar dawowa. Saurayi ya tashi, a juyo da makara, a shigo gari da waƙa."

"Waƙar me?"

"Ta dawowa gida."

"Babu ita. Makara ba ta juyowa. A bakin kabari ake kwance ta, kowa ya ɗauki itacensa ya dawo shiru."

Ta sosa kai ta cikin hula. Ta ce akwai wata da aka shirya a Seoul, da ganguna da muryar wani matashi. Amma in aka sa ta, dole a sa 'yar'uwarta a wurin fita, don ba a ɗinka riga da yadi biyu. Wato muryarsa da ƙararrawarsa duk za a cire.

Kwana biyu Chil-bok bai ji daɗin shinkafa ba. Tsoron a cire shi na nan, amma abin da ya fi cin sa shi ne tambayar kanta: shin me ake rera wa wanda ya dawo? Ya gwada waƙar da sauri a bakin teku, ta fito kamar ana ɗokin binne mutum. Ya gwada farawa daga ƙarshe, ta zama shirme. Ya je ya sami Fasto yana shanya barkono.

"Fasto, da saurayin nan ya tashi zaune, me ya ce?"

"An dai rubuta cewa ya fara magana."

"Ya ce me?"

"Ba a faɗa ba."

"Mutum ya je can ya dawo, ya buɗe baki, a rasa wanda zai riƙe ko kalma ɗaya? Da ina wurin!"

Ranar ta zo, hantsi ya dubi ludayi. Muka juya makara, kanta ya fuskanci gari. Chil-bok ya tsaya a gaba, ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, sau biyu. Darakta ta riga ta ɗaga hannu wajen mai lasifika don ya kunna waƙar Seoul. Ya buɗe baki ba tare da ya san me zai fito ba, sai tsohuwar tambayar Man-gil ta sake fitowa:

"Inna, komar kifina da ta yage, wa zai ɗinke min?"

Mun ja numfashi za mu ce o-ho, sai wata tsohuwar murya ta riga mu daga baya, a kan karin waƙar daidai:

"Na ɗinke ta, tana rataye a bayan ƙofa."

Uwar Man-gil ce. Ba makarar take kallo ba, hanyar gidanta take kallo. Chil-bok ya kaɗa ƙararrawa, ya sake jefa wata tambayar.

"Wa zai ɗebo miki ruwa a rijiyar tudu?"

"An ja famfo har cikin gida, sakarai, kai dai taho!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka toshe baki. Ƙafarmu ta ɗaga da kanta.

"Lemon da na dasa, wa zai ci 'ya'yansa?"

"Ya fi rufin ɗaki tsawo. Na reshen sama naka ne."

"Shinkafar da kika zuba min da safe, ban ci ba."

"Tana ƙarƙashin bargo da ɗuminta. Ɗaga ƙafa!"

Sai a lokacin Chil-bok ya gane. Shekara hamsin yana tambaya, bai taɓa tsayawa ya ji ko ana amsawa ba. Ashe rabin waƙar ne kawai a hannunsa. Ɗaya rabin yana gidajen mutane, ana rera shi a bakin murhu. Ya sa ƙararrawa ta yi sauri, taku biyu gaba, babu na baya. Muka wuce alamar da aka zana mana a ƙasa, muka wuce coci, mai na'urar ɗauka yana gudu da baya yana tuntuɓe, Darakta ta manta da cewa a tsaya. Ba mu sauke ba sai a ƙofar Uwar Man-gil.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta share fuska da haɓar riga. "To, tunda kun zo, ku shigo ku ci. Kai kuma Chil-bok, muryarka ta tsufa."

"Taki ma ba ta yarinya ba ce."

Waƙar Seoul ko kunna ta ba a yi ba. In kun kalli fim ɗin, muryarsa ce a fita, tasa da tata a dawowa, kafaɗar da ke gaba ta hagu kuwa tawa ce. Wanda ya ce ƙari na yi, ya hau jirgin safe ya zo. Itacen yana nan jingine a bayan coci. Ya ɗora shi a kafaɗa ya yi taku goma kacal, in ya rage masa numfashi, sai ya ƙaryata ni a gaban idona.