Bencin Baya

Fasto Ɗanbaba ya sauka gidan Sammani, a wani ƙauye bayan Bunkure, ana tsakiyar tsinkar tumatir. Tare suka yi kiwon awaki suna yara. Ya zo da jaka ɗaya, babu kwala a wuya, babu mai riƙe masa Littafi.

"Hutu suka ba ni," in ji shi. "Shekara guda ba wa'azi. Na ce zumunci a ƙafa yake, bari in zaga 'yan'uwa."

Sammani ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ruwa ba ya tsami banza. A saninsa ko injin ban-ruwa ba a jingine shi sai ya samu matsala.

Ranar Lahadi zargi ya zama gaskiya. A majami'arsu ko yaro ya san bencin baya na wanda aka sa a horo ne, mai laifin da ake jiran tubansa. Aka nuna wa Fasto kujerar gaba, ya ɗaga hannu, ya wuce can baya ya zauna gindin taga. Matan zumunta suka kalli juna, waƙa ta yi sanyi.

Sammani dattijon ikilisiya ne, kujerarsa tana gaba, sunansa bai taɓa shan ƙura ba. In ya koma baya, kafin a tashi an ce tare suka yi ɓarnar. In ya zauna, ya bar amininsa cikin kunya shi kaɗai. Ya dubi matarsa Iyatu, ta harare shi. Ya ɗauki hularsa, ya ratsa jama'a, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da Fasto.

Bayan sujada, suna cin tuwon shinkafa a zaure, Sammani ya rage murya.

"Ɗanbaba, abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Giya ce ko mace?"

"Wace mace?"

"Laifin da ya kai ka bencin horo."

Fasto ya ajiye loma. "Iska na bi, Sammani. A wurinmu bencin baya na masu latti ne. Hutun kuwa na gajiya ne, har da addu'a suka sallame ni."

Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya dubi abokinsa.

"Wato ka ɗauka na faɗi, kuma ka taso ka zauna da ni?"

"To in bar ka? Tun muna yara kai ke sakin awaki a gonar mutane, ni ke shan bulala."

Iyatu ta ajiye ƙwaryar ruwa. "Ku gama dariyar. Matan zumunta sun ɗauki azumi saboda ku biyu. Fasto, Lahadi sai ka hau ka wanke mini miji."

"Mama, ina hutu. Ba na wa'azi."

"To ka yi sanarwa."

Lahadi ya tashi ya yi sanarwa. Ya faro daga awaki, ya bi ta kan abotar Dawuda da Yonatan ta cikin Littafi, bai sauka ba sai da rana ta take. Suna fita Sammani ya gyara hula ya ce, "In wannan ne hutunka, Allah ya jiƙan waɗanda kake wa aiki."