Kafaɗar Is'haƙa a Bangon Mujalla

Sa'adiyya ta shekara huɗu tana tsara katin biki da kalanda a ɗan shagonta na kwamfuta a garin Isa, amma ba ta taɓa yin mujalla ba sai da ƙungiyar makaɗan Sabon Birni ta kawo mata aikin. Shafi goma sha shida suke so, da hoton Badaru mai gangar noma a bango, tunda shi ne babbansu.

Ta rasa ta inda za ta fara. Yayanta Faruk, da ke fatauci zuwa Maraɗi, ya zo mata da wata tsohuwar mujallar mawaƙa ta Faransanci. Ba ta jin yaren, don haka idonta ya tsaya kan tsarin kawai. Ta sa rula ta auna. Sunan mujallar ya ci kashi ɗaya cikin biyar na bangon, fuskar mawaƙi ɗaya ta cika sauran, yana kallon mai karatu ido da ido. Launi uku kacal: ja, baƙi, ruwan ɗorawa. A ciki an jera rubutu sahu uku a tsaye, an bar fili a gefe don ido ya huta. Ta rubuta duka a littafinta, ta bi su sau da ƙafa.

Hoton da aka ba ta na mutum biyar ne, an ɗauke shi wurin wata gayya a Kurawa. Ta yanke huɗu, ta faɗaɗa Badaru har ya cika bangon. Kafaɗar wani ce kawai ta rage a gefe, cikin shuɗiyar riga, don in ta cire ta sai ta ci gangar. Ta ɗora rubutu a kai, ta buga gwaji, ta hau kabu-kabu zuwa Sabon Birni.

Ta tarar da Badaru a zaure yana ɗaure fatar ganga. Bayan sun gaisa ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya kuma matso da ita.

"Kin iya aiki, ɗiyata. Har giɓina kin fito da shi." Sai ya ɗora yatsa a gefe. "Mai kafaɗar ga fa, ina ya shiga?"

"Baba, haka ake yi. Fuska ɗaya ake sawa a bango, don in an rataya ta a kasuwa mai wucewa ya gane daga nesa. In mutum biyar ne, kowa sai ya koma ɗan mitsitsi."

"Kin yi gaskiya," in ji shi. Yatsan na nan inda yake. "Is'haƙa ne. Shekara talatin da ɗaya yana karɓa min waƙa. Bara da damina ciwon ciki ya kama shi, kwana biyu ya rasu. Shi ba ya tsayawa hoto, wanga ma ba da saninshi anka ɗauka ba, kuma ba mu da wani. Matarshi Halimatu ta aiko har sau biyu, wai ko mujallar ta fito."

Sa'adiyya ta sake duban kafaɗar. Kwana uku ta yi tana juya hoton nan, ba ta tambayi sunan ko mutum ɗaya ba.

"Za ni mayar da su duka bango, Baba."

"A'a, bar bangonki yadda yake. Ki dai nema mishi wuri ciki."

Ta sa ya faɗa mata sunayen su biyar da garin kowa, ta rubuta.

Da ta koma shago ta sake buɗe mujallar Maraɗi. A tsakiya akwai hoto guda da ya mamaye shafi biyu, ba rubutu sai layi ɗaya a ƙasa. Ta kwashe jerin bukukuwan da ta sa a tsakiyar tata, ta shimfiɗa hoton gayyar gaba ɗaya. Amma da ta buga ta ninke, sai ninkin ya ratsa fuskar Is'haƙa daidai hanci, tunda shi ne a tsakiya. Ta matsar da hoton, ninkin ya faɗa kan Badaru. Ta kira shi a waya ta faɗa masa.

Ya yi dariya har da tari. "Ratsa ni, ɗiyata. Ai sun gan ni a bango."

Da mujallar ta iso daga maɗaba'a a Sakkwato, Sa'adiyya ta kai ɗaya Kurawa da kanta. Halimatu na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ba ta ko tsaya kan bangon ba. Sa'adiyya ta buɗe mata tsakiya.

Ta daɗe tana kallo.

"Dubi hularshi," ta ce. "Kullum a karkace. Na yi faɗan har na gaji." Ta share ido da bakin gyale. "Mi anka rubuta nan ƙasa?"

"Sunanshi ne, Inna. Is'haƙa na Kurawa, ɗan amshi."

Halimatu ta tambaya ko za a iya cire wannan shafin kaɗai, tana so ta kafa a ɗaki. Sa'adiyya ta ari wuƙa ta ɗaga 'yan ƙarafan da suka riƙe takardun, shafin ya fito guda, bai yage ba. Halimatu ta leƙa ta kan katanga tana kiran maƙwabciyarta ta zo ta gani.